RIGA MAI JINI: DARASI A KAN ƁARNAR DA AKE YI A ƁOYE DOMIN A ƊORA WA WANI LAIFI

Gabatarwa

Darasinmu na wannan wata ya shafi Doka ta Takwas cikin Dokoki Goma na Allah, wadda ta hana mu yin shaidar zur a kan maƙwabcinmu. Tun muna ajin katekism aka koya mana cewa ƙarya zunubi ce. Amma akwai wata irin ƙarya da ba a furta ta da baki. Da hannu ake yin ta, galibi cikin dare. Mutum ya aikata ɓarna, sa'an nan ya bar wata alama a wurin, domin idan gari ya waye jama'a su duba su ce, ai wane ne ya yi. Shi mai laifin ya koma gida ya kwanta, marar laifi kuwa ya sha duka.

Mu mazauna Bahindi da kewayenta, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, muna da dalili na musamman na yin nazarin wannan al'amari. A bakin iyaka muke. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a birnin Paris a 1898 ita ce ta raba ƙasar Borgu biyu, Illo da Busa suka faɗo hannun Ingila, Nikki kuwa ta faɗa hannun Faransa. Har yau dangi ɗaya suna zaune a ƙasashe biyu. Daga Tsamiya ana ƙetarawa zuwa Segbana cikin Jamhuriyar Benin, idan kuma aka bi Kogin Kwara ta Lolo sai a kai ga Malanbil da Gaya. Hausawa, da Fulani, da Dandawa, da Zabarmawa, da Kyangawa, da Bussawa, duk kasuwa ɗaya muke ci. Inda harsuna suka yi yawa haka, baƙi kuma suna shiga suna fita, ba shi da wuya mugu ya ari rigar wani ya yi ta'asa a cikinta.

1. Menene wannan makirci?

Turawa suna kiransa da wani suna wanda ma'anarsa ita ce tutar ƙarya. Sunan ya samo asali ne daga jiragen ruwa na zamanin dā, waɗanda sukan ɗaga tutar wata ƙasa dabam domin su kusanci abokin gaba ba tare da ya farga ba. Mu kuwa a Hausa mukan ce an shafa wa wani kashin kaji.

Idan muka duba da kyau, za mu ga ƙafa uku makircin yake tsayawa a kai. Ta fari, akwai ɓarna ta gaske: gobara, ko sata, ko kisa. Ta biyu, akwai alamar da aka dasa: riga, ko makami, ko takarda, ko harshen da maharan suka yi magana da shi da gangan domin a ji. Ta uku, akwai jama'ar da dā ma zuciyarsu tana zargin wanda aka nufa. Wannan ƙafa ta uku ita ce ta fi shafarmu, gama mai ƙulla makirci ba ya zaɓar wanda kowa ya amince da shi. Yakan zaɓi wanda dā ma muke yi wa kallon hadarin kaji. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

2. Abin da muka gani cikin Littafi Mai Tsarki

Cikin Littafin Farawa sura 37, 'yan'uwan Yusufu suka sayar da shi ga fatake a bakin azurfa 20. Sa'an nan suka yanka bunsuru, suka tsoma rigarsa cikin jinin, suka aika wa mahaifinsu Yakubu domin ya duba ko ta ɗansa ce. Mu lura da wayonsu. Ba su ce naman jeji ya cinye shi ba. Sun bar tsohon ya faɗi haka da bakinsa. Ƙaryar da mutum ya gano da kansa, a ganinsa, ta fi wadda aka gaya masa kama zuciya, domin yana tsammani hankalinsa ne ya kai shi gare ta. Yakubu ya yi shekaru yana makokin ɗan da yake da rai a Masar.

A sura 39 kuma rigar Yusufu ta sāke zama shaida a kansa. Matar Fotifar ta riƙe rigar da ya bari a hannunta sa'ad da ya guje wa zunubi, ta nuna wa mutanen gidan da maigidanta, aka jefa shi kurkuku. Rigar tasa ce, ba shakka. Labarin da aka ɗora a kanta shi ne na ƙarya.

Cikin Littafin Sarakuna na Fari sura 21, Sarki Ahab ya yi ƙyashin gonar inabin Nabot, wanda ya ƙi sayar da gādon kakanninsa. Sarauniya Yezebel ta rubuta wasiƙu da sunan sarki, ta buga hatiminsa, ta umarci dattawan gari su yi shelar azumi, su zaunar da Nabot a gaban jama'a, su sa 'yan iska biyu su ce ya zagi Allah da sarki. Aka jejjefe shi har ya mutu. Waɗanda suka ɗauki duwatsu a ranar suna tsammani martabar Allah suke karewa, alhali gona ake nema. Annabi Iliya ne ya tarar da Ahab cikin gonar ya faɗa masa hukuncin Ubangiji.

Littafin Daniyel sura 13 ya nuna mana maganin. Dattawa biyu suka yi wa Suzana ƙazafi, har aka yanke mata hukuncin kisa. Saurayi Daniyel ya tsayar da taron, ya raba dattawan, ya tambayi kowannensu shi kaɗai a gindin wane itace abin ya faru. Kowa ya ambaci itace dabam, asirinsu ya tonu. Tambaya ɗaya da aka yi cikin natsuwa ta ceci rai.

Ubangijinmu Yesu kansa an kawo masa shaidun zur a gaban majalisa. Bayan tashinsa daga matattu kuma, kamar yadda Matiyu ya ba da labari a sura 28, an ba masu gadin kabari kuɗi su ce almajirai ne suka sace jikinsa suna barci. Wanda yake barci kuwa, ta yaya ya gane ɓarawo?

3. Yadda aka ta da yaƙe-yaƙe da shi

Ranar 18 ga Satumba 1931, waɗansu hafsoshin sojan Japan suka dasa nakiya a kan layin dogo da yake hannun ƙasarsu kusa da birnin Mukden a arewa maso gabashin Sin. Ɓarnar ƙarama ce ƙwarai, har jirgin ƙasa ya wuce ta wurin ba da jimawa ba. Duk da haka suka ce sojojin Sin ne suka yi, suka mamaye lardin Mancuriya duka. Hukumar binciken da Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta lokacin ta aika ta ƙi yarda cewa kāre kai Japan ta yi, Japan kuwa ta fice daga ƙungiyar a 1933.

Da yammacin 31 ga Agusta 1939, 'yan sandan asiri na gwamnatin Hitila suka afka wa gidan rediyon ƙasarsu a garin Gleiwitz, kusa da iyakar Poland, suka watsa saƙo da harshen mutanen Poland. Suka bar gawar wani manomi mai suna Franciszek Honiok, wanda suka kama kwana ɗaya kafin nan, domin a ce yana cikin maharan. Kashegari, 1 ga Satumba, Jamus ta auka wa Poland, Yaƙin Duniya na Biyu ya fara. Jami'in da ya jagoranci aikin, Alfred Naujocks, shi ne ya bayyana yadda aka shirya shi cikin rantsuwar da ya yi domin shari'ar Nuremberg a 1945.

Mu lura cewa a lokacin garin Gleiwitz na bakin iyaka ne, kamar namu, kuma manomi talaka aka fara kashewa.

4. Sa'ad da makircin ya taɓa Ikilisiya

A watan Yuli na shekara ta 64 bayan haihuwar Ubangiji, gobara ta cinye babban sashe na birnin Roma. Masanin tarihi Tasitus ya rubuta cewa jita-jita ta bazu a kan Sarki Nero ne ya sa wutar, shi kuwa domin ya kawar da zargin daga kansa sai ya ɗora wa Kirista, aka kashe su da azaba iri-iri. Masana suna gardama har yau a kan ko Nero yana da hannu cikin gobarar. Bisa ga labarin Tasitus, ya zaɓi mutanen da jama'a ba su sani sosai ba, ba su kuma ƙauna. Ikilisiya tana tunawa da waɗannan shahidai na fari na Roma kowace ranar 30 ga Yuni.

A zamaninmu, da asubahin 16 ga Nuwamba 1989, ana cikin yaƙin basasa a ƙasar El Salbado, sojojin gwamnati na bataliyar Atlacatl suka shiga gidan firistocin ƙungiyar Jesuit a jami'ar Katolika ta babban birnin. Suka kashe firistoci 6, har da shugaban jami'ar, Fada Ignacio Ellacuría, suka kashe mai dafa musu abinci, Elba Ramos, da 'yarta Celina, domin kada a sami mai ba da shaida. Sun yi amfani da bindiga irin ta 'yan tawaye, suka kuma bar rubutu a jikin kwali wanda yake nuna 'yan tawayen ne suka yi kisan. Abin da ba su sani ba, wata ma'aikaciya mai suna Lucía Cerna tana wani ɗaki kusa, ta kuwa hangi mutane cikin kayan soja ta taga. Ta faɗi abin da ta gani, ko da yake hakan ya tilasta mata barin ƙasarta. A 1991 kotu ta sami Kanar Guillermo Benavides da laifi. A 2020 kuma, bayan shekara 31, kotun ƙasar Sifen ta yanke wa tsohon Kanar Inocente Montano ɗaurin shekara 133.

A Afirka ta Kudu, cikin mulkin wariyar launin fata, bom ya rushe Khotso House, hedkwatar Majalisar Ikilisiyoyin ƙasar a Johannesburg, ranar 31 ga Agusta 1988. Cikin Oktoba na wannan shekara aka sa wa Khanya House wuta, watau ofishin Bishop-bishop na Katolika a Pretoria. Ministan 'yan sanda, Adriaan Vlok, ya nuna 'yan ƙungiyar ANC da yatsa a kan bom ɗin, har aka tsare wata mata tare da jaririnta. Bayan faɗuwar mulkin wariya, Vlok ya tsaya gaban Hukumar Gaskiya da Sulhu ya amsa cewa 'yan sandansa ne suka dasa bom ɗin. A 2006 ya je wurin Rabaran Frank Chikane, wanda shi ne babban sakataren majalisar a lokacin harin, ya nemi gafara, ya wanke masa ƙafafu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ƙofar tuba tana buɗe ko ga wanda ya haƙa shi.

5. A ƙasarmu da maƙwabtanmu

Kada mu ce abin na nesa ne. A watan Yuni 2005, 'yan sanda a Abuja suka kashe matasa 6, maza 5 'yan kasuwar Apo da budurwa ɗaya, suka ce 'yan fashi ne, aka nuna makamai kusa da gawawwakinsu. Abokan kasuwancinsu suka ƙi yarda, suka yi ta kuka har Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar bincike ƙarƙashin alƙali. Hukumar ta gano cewa matasan ba 'yan fashi ba ne, makaman kuma dasa su aka yi. Gwamnati ta nemi gafara ta biya diyya, a 2017 kuma kotu ta yanke wa biyu daga cikin 'yan sandan hukuncin kisa. Da jama'a sun karɓi labarin fari sun yi shiru, da har yau iyayen waɗannan yara suna ɗauke da kunyar da ba tasu ba.

A ƙasar Mali, sojojin Faransa suka miƙa sansanin Gossi ga sojojin ƙasar ranar 19 ga Afrilu 2022. Bayan 'yan kwanaki hotunan gawawwaki cikin rairayi suka bazu a intanet, ana cewa abin da Faransawa suka bari ke nan. Rundunar Faransa ta fito da hoton da jirginta marar matuƙi ya ɗauka, ta ce sojojin haya na Wagner daga Rasha ne suke binne gawawwakin domin su ɓata mata suna. Gwamnatin Mali ta ƙi wannan bayani, ta zargi Faransa da leƙen asiri. Haka nan a ƙarshen Disamba 2024, shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya yi hira da Hausa inda ya zargi Faransa da haɗa baki da 'yan bindiga, har da Lakurawa, da sanin waɗansu jami'an Nijeriya. Gwamnatin Nijeriya ta musanta. Duk wanda yake da waya a kasuwar Bagudo ya ji waɗannan maganganu, kowa kuma ya ɗauki ɓangaren da zuciyarsa ta riga ta karkata.

6. Yadda yakan zo ƙofar gidanmu

Tsoro ya ƙaru a yankinmu. Sunan Lakurawa ya shiga bakin kowa a Jihar Kebbi tun harin da aka kai garin Mera, cikin Ƙaramar Hukumar Augie, a Nuwamba 2024, a Janairu 2025 kuwa Babbar Kotun Tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda. A ƙetaren iyaka, cikin Afrilu 2025, an kashe sojojin Benin 54 a yankin gandun dajin W. Inda tsoro ya yi yawa, ƙaramin mugu yakan fake a bayan sunan babban mugu.

Bari mu kawo misalai domin tunani. A ce ɓarawo ya kore shanun noma cikin dare, ya bi da su ta gefen wata ruga da gangan kafin ya juya zuwa inda zai sayar. Da safe masu bin sawu suka iske sawun ya nufi rugar. Wa za a fara kamawa? A ce mutane biyu suna rikicin fadamar shinkafa, ɗaya ya ƙone rumbun ɗayan, ya yar da sandar makiyayi da malfa a wurin. A ce ɗan gari ne ya tare hanya ya ƙwace babur, amma ya naɗa rawani ya yi gwaranci da harshen ƙetare, domin a ce baƙi ne daga Benin ko Nijar. A ce kuma wani ya zubar da ƙazanta a ƙofar masallaci ko ta coci, domin ya haɗa Musulmi da Kirista faɗa ana gab da zaɓe. Sanda da malfa ana sayar da su a kowace kasuwa. Kayan soja ma 'yan bindiga sukan sa su. Harshe kuwa, yawancinmu a nan muna jin biyu ko uku.

Wayar hannu ta ƙara wa abin sauri. Hoton gobarar da aka yi shekarun baya a wata ƙasa yakan dawo ta WhatsApp da sunan wani ƙauye na kusa. Saƙon murya yakan zo ba sunan mai magana, ba rana, ba wuri, sai dai a tura wa kowa da gaggawa. Duk wanda ya tura shi bai bincika ba, ya zama ɗan aiken da ya kai wa Yakubu riga.

Sakamakon hukuncin gaggawa mun gan shi a Uromi ta Jihar Edo a Maris 2025, inda taron jama'a ya kashe matafiya 16 'yan arewa, mafarauta masu komawa Kano domin Salla, saboda an ga bindigogin farauta a motarsu aka ce masu satar mutane ne. Ba wanda ya tsaya ya yi tambayar Daniyel. Abin da ya yi mana zafi da aka yi wa 'yan yankinmu a can, kada mu yi wa baƙo a nan.

7. Rami na biyu

Akwai wani kuskure a ɗaya gefen, wanda ya kamata mu yi hankali da shi. Mutumin da ya ji labaran da muka kawo yana iya komawa ya ce kowane hari shiri ne, kowace gawa wasan kwaikwayo ce, ba wanda ya yi laifi sai gwamnati ko Turawa. Wannan ma shaidar zur ce, gama tana wanke mai laifi, tana kuma ƙaryata wanda aka zalunta. Sa'ad da aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a Afrilu 2014, an sami masu cewa ba a saci kowa ba, siyasa ce kawai, alhali iyaye suna kuka. Harin bom na ranar Kirsimati 2011 a cocin Santa Teresa da ke Madalla, Boko Haram ce ta ɗauki alhakinsa, kotu kuma ta yanke wa Kabiru Sokoto ɗaurin rai da rai a 2013 saboda laifuffukan ta'addanci. A Nuwamba 2014 kuma aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano, mutane fiye da 100 suka mutu. Waɗannan jinane na gaske ne.

Saboda haka doka ɗaya ce ga duka biyun. Wanda ya ce Fulani ne suka yi, ya kawo hujja. Wanda ya ce shiri ne aka yi domin a ɓata Fulani, shi ma ya kawo hujja. Makirce-makircen da muka ambata a sama, an tabbatar da su ne ta wurin shaidun ido, da takardu, da bincike, da amsa laifi a gaban shari'a. Ba zato ne ya tona su ba.

8. Koyarwar Ikilisiya

Katekism na Ikilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ya yi bayanin Doka ta Takwas dalla-dalla. A sakin layi na 2476 ya nuna nauyin shaidar zur, domin takan sa a hukunta marar laifi ko a saki mai laifi. Na 2477 ya ambaci zunubai uku: hukuncin gaggawa, watau yarda da laifin wani ba tare da isasshen dalili ba, ko da a zuci ne, tona aibin wani ba bisa dalili mai ƙarfi ba, da ƙazafi. Na 2478 ya gargaɗe mu mu fassara maganar maƙwabci da aikinsa ta fuska mai kyau gwargwadon iko. Na 2487 kuwa ya ce wanda ya yi wa gaskiya da adalci laifi, wajibi ne ya gyara ɓarnar, ko da an riga an gafarta masa.

Wannan na ƙarshe yana da nauyi. Idan mun yaɗa cewa ɗan wane ɓarawo ne, daga baya gaskiya ta fito, zuwa wurin Fada domin Sakramentin Tuba bai rufe maganar ba. Sai mun koma inda muka faɗa, a gaban waɗanda suka ji, mun janye.

9. Abin da za mu yi

Na fari, mu jinkirta. Mai makirci yana bukatar fushinmu kafin rana ta faɗi, domin ya san kwana biyu na bincike za su tona shi. Duk mai cewa a tashi yanzu-yanzu, mu tambaye shi dalilin gaggawar.

Na biyu, mu rarrabe abin da aka gani da abin da aka ji. Wa ya gani da idonsa? Da wane haske? Fuska ya gane, ko tufafi kawai? A tambayi shaidu ɗaya-ɗaya.

Na uku, mu yi shakkar alamar da ta cika bayyana. Ɓarawon da ya iya kore shanu ba kare ya yi haushi ba, da wuya ya mance da hularsa a tsakiyar garke.

Na huɗu, mu tambayi wa zai amfana idan aka kori wanda ake zargi, wa zai gaji gonarsa, ko rumfarsa, ko mashayarsa. Amsar tana nuna inda za a bincika, amma ita kaɗai ba hujja ba ce.

Na biyar, mu kai magana ga hukuma: mai unguwa, da hakimi, da 'yan sanda. Kada mu taɓa wurin da abin ya faru, kada kuma mu bar yaranmu na sintiri su zama alƙalai. Ko an kama mutum da kaya a hannu, laifinsa nasa ne shi kaɗai, ban da ƙabilarsa da addininsa.

Na shida, mu gina zumunci tun kafin ranar wahala. Ya kamata katekist, da shugabannin majalisar coci, da na Zumuntar Mata Katolika, da na matasa, su san limamin unguwa da arɗon rugar da ke kusa, su riƙe lambar wayar juna, su yi gaisuwar Salla da ta Kirsimati. Mutanen da suka saba gaisawa, da wuya baƙo ya haɗa su faɗa da sanda ɗaya da ya yar a gona.

Na bakwai, idan mun ga gaskiya da idonmu, mu faɗe ta ga wanda ya dace, cikin hikima, ko da mai laifin ɗan cocinmu ne ko ɗan gidanmu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa 'yan'uwan Yusufu suka bar mahaifinsu ya yanke hukunci da kansa?
2. Su wane ne a garinmu ake fara zargi idan abu ya ɓace? Me ya sa?
3. Mun taɓa tura wani saƙo a waya wanda daga baya ya zama ƙarya? Mun koma mun gyara?
4. Wane mataki ɗaya ƙungiyarmu za ta ɗauka cikin wannan wata domin ƙarfafa zumunci da maƙwabtanmu Musulmi, da makiyaya, da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka?

Addu'a

Ya Allah Uba, masanin abin da ake yi cikin duhu, ka tsare garinmu da iyakarmu daga masu ƙulla makirci. Ka ba mu haƙurin bincike irin na bawanka Daniyel, da ƙarfin zuciya irin na Annabi Iliya. Ka kāre marasa laifi, ka ta'azantar da waɗanda aka yi wa ƙazafi, ka juyo da masu laifi zuwa ga tuba. Ka tsare bakinmu da hannunmu daga jinin maƙwabci. Mun roƙa ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.